Ɗan Sanda da Rajistar Baƙi

Tambaya: Ina da masaukin baƙi a Goronyo. Dole ne in miƙa wa 'yan sanda littafin sunayen baƙina duk ranar da suka nema?

Amsa: Alhaji, littafin nan amana ce a hannunka. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta ɗora wa mai riƙe bayanan mutane nauyin tsare su. Za a ce ai tsaro ya fi sirri, balle a yankin Wurno, Rabah da Goronyo, inda ba a manta harin kasuwar Goronyo na Oktoban 2021 ba. Gaskiya ne, shi ya sa dokar 2023 ta sassauta wa masu binciken laifi. Sai dai bincike yana da ƙa'ida: wane laifi, wane baƙo, da izinin wa? Ko a Amurka, a 2015 Kotun Ƙoli ta soke dokar birnin Los Angeles da ta tilasta wa masu otal nuna rajista nan take. Kada ka yi gardama da jami'i. Nemi katin shaidarsa da takardar kotu cikin ladabi, rubuta sunansa da kwanan wata, sannan ka tuntuɓi lauya.