Yadda Ake Zaɓar Daɓen Katako, a Shimfiɗa Shi, a Kula da Shi

Daɓen katako zalla shi ne wanda kowane falanki da ke cikinsa aka yanko shi daga gungume guda, ba tare da an liƙa wani abu a samansa ko a ƙasansa ba, kuma wannan ne ya raba shi da irin wanda ake manna siririn itace a kan filawud, da kuma irin wanda hoton itace kawai aka buga a kan matsattsen garin katako. Kaurin falankin yakan kasance milimita 18 zuwa 20, kuma a gefe ɗaya ana fitar masa da harshe, a ɗaya gefen a yi masa tsagi, ta yadda harshen wannan zai shige tsagin wancan su riƙe juna.

Abin da ya kamata a fara fahimta, domin duk sauran aikin a kansa ya rataya, shi ne cewa itace ba ya daina shan danshi da fitar da shi ko da ya shekara hamsin da sarewa. Idan iska ta yi laima sai ya kumbura, idan ta bushe sai ya tsuke, kuma motsin nan ta faɗi yake yinsa, tsawonsa kusan ba ya canzawa. Katakon da ya daɗe a ɗakin da danshin iskarsa yake kashi 30 cikin ɗari yakan tsaya da ruwa kimanin kashi 6 na nauyinsa, a kashi 50 ya tsaya wajen kashi 9, a kashi 80 kuwa ya kai kusan kashi 16. A garuruwa irin su Kano da Sakkwato da Damagaram, inda danshin iska ke faɗuwa ƙasa da kashi 20 a tsakiyar hunturu sannan ya haura kashi 70 a watan Agusta, tazarar da katako ke tafiya tsakanin yanayin biyu ta fi wadda aka saba gani a ƙasashen da wannan sana'a ta bunƙasa. Lissafin ba shi da wuya: ɗaki mai faɗin mita 4 da aka shimfiɗa masa falankai masu faɗin santimita 10 yana ɗauke da layi 40, kuma idan kowane layi ya ƙaru da rabin milimita kacal, daɓen gaba ɗaya ya ƙaru da santimita 2, wanda dole ya sami inda zai nufa.

Saboda haka zaɓen itace ya ƙunshi tambayoyi biyu, wato tauri da kuma natsuwa, kuma ta biyun ta fi ta farko muhimmanci a yanayi irin wannan. Ana auna tauri da gwajin Janka, wanda aka sa wa sunan Gabriel Janka, masanin itace ɗan ƙasar Ostiriya, inda ake danna ƙwallon ƙarfe mai faɗin milimita 11.28 a jikin katako har rabinsa ya nutse, a rubuta ƙarfin da aka yi amfani da shi. Jan itacen ok na Amurka, wanda da shi ake kwatanta sauran, yana da fam 1,290. Loko, wanda 'yan katako suka fi kira da sunansa na Yarbanci, iroko, yana dab da wannan adadi, kawo kuma ya zarce su duka biyu, sannan ga shi yana cikin itatuwan da ba su cika motsi ba idan yanayi ya juya. Tik, wanda asalinsa kudancin Asiya ne amma aka daɗe ana dasa shi a Najeriya, bai kai su tauri ba, sai dai maiƙon da ke jikinsa yana kare shi daga ruwa da ƙwari. Fararen katakai masu laushi irin su obece ba su dace da ƙasa ba ko kaɗan, domin ƙafar kujera ma tana iya lotsa su, gara kuma ba ta jinkiri a kansu. Madobiya tana da kyau da tauri, amma sarar da aka yi mata don fitarwa ƙasashen waje ta yi munin da ya sa a 2016 aka sanya ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke taƙaita cinikinsu, kuma a 2022 kawo da maɗaci suka bi sahu. Ya wajaba mai saye ya tambayi inda katakonsa ya fito, domin bai dace a ƙawata ɗaki da abin da ya bar daji a tsiraice ba.

Ko a cikin itace mai kyau akwai abin dubawa. Farin ɓangaren da ke kusa da ɓawo ba shi da kariyar da jar tsakiya ke da ita, kuma nan ne ƙwarin da ke mayar da katako gari suke fara shiga, don haka falankin da ke da farin gefe a ware shi. Idan aka dubi bakin falanki aka ga layukan shekarun itacen a tsaye, wannan zai yi kusan rabin motsin wanda layukansa ke kwance. Siraran falankai, masu faɗin santimita 6 zuwa 9, sun fi manya aminci, domin motsin yana rarrabuwa a mahaɗai da yawa maimakon ya taru a kaɗan. Sai a auna ruwan da ke cikinsu da na'urar auna danshi, mai ƙusoshi biyu da ake cakawa a jikin katako, ba a dogara da maganar mai sayarwa cewa ya bushe ba, sannan a ƙara kashi 5 zuwa 10 a kan awon ɗakin saboda abin da zarto zai ci da wanda za a zubar.

Yawancin gidajen zamani a ƙasar Hausa ƙasansu kankare ne, kuma kankare yana riƙe ruwa fiye da yadda fuskarsa ke nunawa. Ƙa'idar da magina ke bi ita ce kimanin wata guda na bushewa ga kowane milimita 25 na kauri. Akwai gwaji mai sauƙi: a shimfiɗa leda mai faɗin kusan rabin mita a ƙasa, a liƙe gefunanta huɗu da salatif, a bar ta ta kwana, idan da safe aka ga raɓa a ƙarƙashinta ko simintin ya yi duhu, to lokaci bai yi ba. Bayan haka a ɗora miƙaƙƙiyar sanda mai tsawon mita 2 a wurare daban-daban, duk inda tudu ko kwari ya wuce milimita 3 a gyara shi. Maganin gara kuma a wannan matakin ake zuba shi, a gindin bango da duk wata tsaga, domin da zarar an rufe ƙasa ba a sake ganin hanyarta sai ta gama ɓarna.

Ana shigo da falankan ne bayan an gama filasta da fenti, an sa ƙofofi da tagogi, a jera su a cikin ɗakin da za a yi aikin da 'yan sanduna tsakanin kowane hawa domin iska ta ratsa, a bar su mako ɗaya zuwa biyu, har sai awo ya nuna sun daina canzawa. Lokacin shekara yana da tasiri babba. Daɓen da aka matse shi tsam a watan Janairu, lokacin da katako ya kai ƙarshen tsukewa, zai kumbura da damina ya rasa wurin zuwa, har ya ɗago a tsakiya kamar kabari, wanda aka shimfiɗa a Agusta kuwa zai buɗe baki da hunturu. Tsagar hunturu takan rufe da kanta idan ruwa ya sauka, amma daɓen da ya ɗago sai an ɓamɓare, shi ya sa gogaggen kafinta ya fi son yin aikin a tsakanin yanayin biyu, idan kuma dole ta sa ya yi da rani, yakan bar 'yar tazara kamar kaurin kwabo bayan kowane layi biyar ko shida.

Hanyoyin kafawa biyu ne. Ko dai a shimfiɗa leda mai kauri don tare laima, a kafa sanduna masu magani irin tu-bai-tu a tazarar santimita 30 zuwa 40, a buga falankan a kansu a gicciye, ko kuma a manna su kai tsaye a kan kankare da gam na musamman wanda ke bushewa kamar roba, ya bar katako ya motsa, abin da farin gam na kafintoci ba ya yi. A kowace hanya ana barin rata ta milimita 10 zuwa 15 a jikin kowane bango da ginshiƙi da bakin ƙofa, a cusa 'yan guntayen katako su riƙe ta har a gama. Layin farko da igiya ake daidaita shi ba da bango ba, domin bango ba kasafai yake miƙewa ba, kuma karkatar layin farko tana bin ɗakin har ƙarshe. A hanyar farko, ana buga ƙusa a karkace, ta kan harshe, kowane santimita 20 zuwa 25, sai tsagin falanki na gaba ya rufe kanta ba a gani. Guduma ba ta taɓa falankin kai tsaye, ana kara guntun katako ne a buga. Mahaɗan ƙarshen falankai a layuka maƙwabta su nisanci juna da aƙalla santimita 15, kuma yana da kyau a riƙa ɗibar falankai daga dami daban-daban domin launuka su gauraya. A ƙarshe a cire guntayen, a rufe ratar da sikatin, wato siririn katakon da ke bin gindin bango, wanda a bango ake kafa shi ba a daɓen ba.

Gogewa da samfefa ana fara ta da mai kaushi, lamba 40, a bi da 60 da 80, a gama da 100 ko 120, kullum ana bin tsawon itacen. Ƙurar loko tana sa ƙaiƙayin fata da sarƙewar numfashi, don haka rufe hanci da baki wajibi ne. Bayan gogewa sai a shafa banish ko mai: banish yana kwanciya a sama kamar fata, yana jure zirga-zirga, amma idan ya kwarzane sai an goge ɗakin duka, mai kuwa yana shiga cikin itacen, yana buƙatar sabuntawa a kai a kai, sai dai ana iya gyara wuri guda ba a taɓa sauran ba. Tsumman da aka shafa man da shi yana iya kamawa da wuta da kansa idan aka dunƙule shi, saboda haka a shanya shi a fili ko a jiƙa shi cikin ruwa.

Kulawar yau da kullum ta saɓa wa abin da aka saba da shi a kan tayil, inda ake kwarara ruwa a bi da mofa. A fadar Versailles ta Faransa, a ƙarshen ƙarni na 17, wankin marmara da ruwa ne ya riƙa ruɓar da ginshiƙan katakon da ke ƙarƙashi, har aka maye gurbinsa da daɓen itace. Abin da katako ke so shi ne shara da tsintsiya mai laushi, sannan tsumman da aka matse sosai. Yashin da takalmi ke kwasowa da ƙurar hunturu suna aiki a kansa kamar samfefa, don haka matakin goge ƙafa a bakin ƙofa da cire takalmi suna tsawaita ransa. Buta da randa da tukunyar fure ba wurinsu ba ne, kaskon turaren wuta kuma a ɗora shi kan faranti, domin garwashi ɗaya yana barin baƙin tabo. A liƙa ƙyalle mai kauri a ƙafafun kujeru, kuma kada a rufe daɓen da ledar ɗaki, wadda ke tare danshi a ƙarƙashinta.

Idan gefunan falankai suka ɗago tsakiyarsu ta lotsa, alama ce ta laima daga ƙasa, kuma gaggawar gogewa kuskure ce, domin idan katakon ya bushe daga baya tsakiyar ce za ta yi tozo. A nemo inda ruwan ke fitowa a toshe, a ba shi watanni ya koma daidai tukuna. Naman itacen da ke saman harshe yakan kai milimita 6, kowace gogewa kuma tana cin ƙasa da milimita ɗaya idan hannun ya ƙware, don haka ana iya sabunta fuskar daɓen sau da dama kafin kawunan ƙusoshi su fara leƙowa, wanda shi ne alamar cewa falankan sun kai ƙarshen abin da za a iya gogewa.