Yadda Ake Zaɓen Bindigar Iska Mai Ƙarko

Bindigar iska tana harba ƙaramin harsashin dalma da ƙarfin matsatstsiyar iska, ba da albarushi ba. Ƙarkonta ya dogara ga ƙarfen da aka ƙera ta da shi da kuma samuwar kayan gyaranta, fiye da farashin da aka rubuta a kanti.

1. Sanin doka. A Najeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta sa bindigar iska cikin makaman da sai da lasisin 'yan sanda ake mallaka. A Jamus, wadda ƙarfinta ya wuce jul 7.5 tana buƙatar izini.

2. Zaɓen iri. Mai sifirin, wadda ake karya bututunta a ɗana, ita ce mafi sauƙin riƙo, don ba ta buƙatar komai sai harsashi. Nau'in PCP kuwa ana cika tulunta da iska har matsin bar 200 ko fiye, saboda haka sai an haɗa da kuɗin famfo, kuma robobinta kan yi yoyo.

3. Duba jiki. In mai sifirin ce, a karya bututun, a mayar, a girgiza shi. In yana motsi a mahaɗarsa, saiti ba zai zauna ba. A gwada kunama: ta masu arha kan yi tauri da gargada, ta irin su Weihrauch ta Jamus ko Air Arms ta Ingila kuwa ana iya daidaita ta.

4. Tambayar kayan gyara. Sifirin da robar fistin su ne ke fara mutuwa a bindiga mai sifirin. Mai tsadar da babu kayanta a kusa ba ta fi Gamo ta Sifen ko Hatsan ta Turkiyya da ake samun nasu ba.

5. Lissafin amfani. Mai harbi jefi-jefi, matsakaiciya ta ishe shi. Mai harbin gasa kullum, mai tsada ce za ta mayar masa da kuɗinsa, domin arha ba ta ado.

6. Kulawa. Kada a harba mai sifirin babu harsashi, fistin zai doki ƙarfe ya lalace. Kada a zuba man inji a ɗakin iska, yana kamawa da wuta ya ƙona roba. A goge ƙarfen da tsumma mai ɗan mai, musamman da damina, a adana ta inda yara ba za su kai ba.

Mai arhar da ake kula da ita takan fi mai tsadar da aka yi wa riƙon sakainar kashi daɗewa.