Kafin Ka Yarda da Lambar da Ma'auni Ya Ba Ka

Ɗalibin injiniya ko na fiziks da ya zaɓi gina akwatin gwajin iska a matsayin aikin kammala karatu ba ya shan wahala wajen kayan aiki. Katako, fanka da gilashin leƙe duk ana samu a kasuwa. Inda gizo ke saƙar shi ne awo. Lamba za ta fito ko ta halin ƙaƙa, sai dai ba kowace lamba ce ke faɗin gaskiya ba. Shawarata guda ce: ka fara gwada ma'auninka kafin ka gwada fiffiken.

A shekarar 1901, Wilbur da Orville Wright suka ga jirginsu marar inji yana ɗagawa da kusan kashi ɗaya bisa uku kacal na abin da lissafi ya nuna. Lissafin ya dogara ne da wata lamba da aka gada tun ƙarni na 18, wadda ake kira da sunan John Smeaton, wato 0.005. Suka koma shagonsu na kekuna a Dayton ta jihar Ohayo a Amurka, suka harhaɗa akwati mai tsawon ƙafa 6, suka ƙera sikeli da tsofaffin zartunan yankan ƙarfe da sufokin keke, suka gwada ƙananan fikafikai kusan 200. Dabararsu ita ce sikelin yana kwatanta ƙarfin da ke kan fiffike da wanda ke kan shafaffen ƙarfe a cikin iska ɗaya, don haka ba su buƙaci tsohuwar lambar ba. Lambar da suka tsaya a kanta daga baya ita ce 0.0033. In kana da hali, kai ma ka tsara gwajinka ya zama kwatanci tsakanin abu biyu, domin kuskuren da ya shafe su tare yakan kashe kansa.

Sai gyaran iskar kanta. Ka sa fankar a ƙarshen akwatin tana zuƙo iska, kada ka sa ta a baki tana hurawa, saboda iskar da ta bar fanka a murɗe take. A bakin shiga ka jera tsinkayen shan lemo masu tsawo ɗaya, ka manne su kamar saƙar zuma, ka ƙara ragar sauro a bayansu. Samfurin da za ka gwada kada ya toshe fiye da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na faɗin akwatin, in ba haka ba iskar za ta ƙara gudu a gefensa ta ruɗe ka. Ka rufe tagogi, ka kashe fankar sama, kuma kada a riƙa kai da komo a ɗakin lokacin awo.

Gudun iska da bututun Pitot ake auna shi, wanda Bafaranshe Henri Pitot ya fara amfani da shi a kogin Sen a 1732. A nan ake yawan faɗuwa. Iska mai gudun mita 10 a daƙiƙa tana tura ruwan da ke cikin lanƙwasasshen bututun da ake haɗawa da na Pitot da kusan milimita 6 ne kawai. In idonka ya kuskure milimita ɗaya, ka yi asarar kashi ɗaya bisa shida na awon. Maganin shi ne ka kwantar da bututun a karkace, yadda duk tsawon milimita 10 zai yi hawan milimita ɗaya kacal. Sai 6 ɗin nan ta zama 60, ka karanta da rula hankali kwance. Ka ɗiga ɗan tawada a ruwan, ka duba sifili kafin kunna fanka da bayan kashe ta. Lokacin hunturu kuma ka riƙa hure ramukan bututun Pitot, don ƙura na toshe su.

Kada ka kwafi nauyin iska daga littafi. Lambar 1.225 da ke cikin littattafai ta bakin teku ce a sanyin digiri 15. A Kano, mai tsayin kusan mita 500 daga teku, ranar da zafi ya kai digiri 40, nauyin yakan sauko wajen 1.07. Don haka ka rubuta zafin ɗakin da matsin iska a kowane zama. Haka ma wuta: in ƙarfinta ya ragu ko aka koma janareta, gudun fanka ya canza, sai ka sake awo daga farko.

Ka maimaita kowane awo sau da yawa, kana ƙara gudu sannan kana ragewa, ka rubuta komai da biro a littafi ɗaya, har da wanda bai yi maka daɗi ba. Wanda ya fi yi maka daɗi kuwa shi za ka fi tuhuma. A Satumbar 2011, masana gwajin OPERA suka sanar cewa ƙwayoyin nutirino da aka harba daga cibiyar bincike ta CERN zuwa Gran Sasso ta Italiya, tafiyar kilomita 730, sun riga haske isa da kimanin nanodaƙiƙa 60. A farkon 2012 aka gano wata wayar haske da ke kai siginar GPS ga agogonsu ba ta ɗauru da kyau ba. Abin yabo shi ne tun farko sun baje awonsu suna neman a duba musu.

Kai ma kafin ranar kare aikinka, ka ba abokin karatu ma'aunin ya yi awon ba tare da ya ga lambobinka ba. In kun dace, ka rubuta sakamakon tare da iyakar kuskurensa. In kun saɓa, ka bi mahaɗan bututu da wayoyi ɗaya bayan ɗaya kafin ka taɓa lissafi.