Yadda Ake Zana Saniya Tana Raye

Mai zanen dabbobi a Limawa ba ya rasa abin kallo. Shanun Fulani na ratsa gindin duwatsun Dutse safe da yamma, sai dai saniya ba ta tsaya wa kowa. Shi ya sa gwani ke jiran tsakar rana, lokacin da ta kwanta a inuwa tana tuƙa. Ya zauna ta inda iska ba za ta kai mata warinsa ba, da takarda da gawayi.

Ba a farawa da kai. Layin gadon baya ake ja tukuna, daga inda tozo zai zauna zuwa gindin wutsiya, a ja shi sau ɗaya ba tare da ɗaga hannu ba. Ciki da wuya su biyo.

Ƙafar baya ce ke tona asirin ɗan koyo. Gaɓar nan da ta karyo baya, wadda kowa ke ɗauka gwiwa ce, dunduniya ce; gwiwar gaske tana can sama, manne da ciki, nama ya rufe ta. Wanda bai san haka ba sai ya lanƙwasa ƙafar irin ta mutum, saniyar ta fito kamar za ta durƙusa. Gwani yakan ɗiga alama a gaɓoɓi uku kafin ya haɗa su, kuma idan ta motsa ba ya gogewa, sabon zane yake farawa a gefe. Takarda ɗaya sai ta cika da ƙafafu da kunnuwa.

Haka masu zanen Holand suka yi a ƙarni na 18. Aert Schouman, ɗan Dordrecht da ya rasu a 1792, ya zana tsuntsaye da namun dajin da ke gidan dabbobin Yarima Willem na Biyar. Jacob van Strij, ɗan garinsu, shanu ya fi ƙwarewa a kai. Attajiran Amsterdam irin su Cornelis Ploos van Amstel kan adana irin waɗannan takardu cikin manyan kundaye, su gayyaci abokai a yi ta miƙa su hannu da hannu.

A nan kuwa, masu rubuta allunan shaguna da jikin motoci ne suka riƙe sana'ar, wasunsu ma suna ƙin zana mai rai saboda addini. Abin takaici ne, ganin cewa a Birnin Kudu, a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, akwai jajayen zanen shanu marasa tozo tun zamanin da.

Idan aka koma ga zanen saniyar, tozo da ƙaho ake sawa a ƙarshe, sannan a murza gawayin da yatsa don inuwar ƙarƙashin ciki.