Amsar Tambaya: Kurma Zai Iya Karanta Kimiyyar Harshe?

Tambaya: Malam, ƙanena kurma ne, ya gama sakandare, yana son karanta kimiyyar harshe a jami'a. Dangi sun ce gara ya koma gonar masara, wai me bebe ya sani game da harshe? Daga wata 'yar'uwa a Malumfashi.

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki bari a kashe masa gwiwa. Noma ba abin raini ba ne, amma hujjar danginku ba ta tsaya ba. Maganar hannu harshe ne cikakke mai nahawunsa. Dubi kuramen kasuwar Funtuwa suna ciniki: ɗaga gira kan mayar da zance tambaya. Wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano, ta fitar da littafi a kan maganar hannun Hausawa a 2000. Har yau aikin da sauransa, domin makarantun kurame sun fi koyar da alamomi masu asali da Amurka, waɗanda wani mai suna Andrew Foster ya shigo da su Ibadan a 1960. Wa zai tattara namu na karkara in ba wanda ya tashi da su ba?

Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a 2019, tana bayansa. Kafin ya cike fom ɗin JAMB, ki raka shi sashen harsuna a Jami'ar Bayero ko Ahmadu Bello ta Zariya, ku ga shugaban sashe, ku nemi a tanadar masa tafinta a aji. Malaman jami'a kuma, ku buɗe masa ƙofa. Allah Ya ba shi sa'a.