Bakwaini, Bakinsa da Karatunsa

Jama'ar Bako da sauran unguwannin Yola da Jimeta, ga bayani a kan wani abu da ake yawan sakaci da shi a renon bakwaini. In an sallamo jariri daga kwalba, ya kama nono, ya fara ƙiba, sai iyaye su yi hamdala su ɗauka an gama. To, da sauran aiki, kuma aikin a bakinku yake.

Cikakken ciki mako 40 ne. Wanda aka haifa kafin mako 37 shi likitoci ke lasaftawa bakwaini, wanda kuwa ya zo kafin mako 32 shi ya fi bukatar a sa masa ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 an haifi bakwaini wajen miliyan 13.4, kusan ɗaya cikin kowane jarirai goma. Ke nan ba gidanku kaɗai abin ya faɗa wa ba.

A watanni ukun ƙarshe na ciki ɗan tayi yana jin muryar uwarsa dare da rana, ƙwaƙwalwarsa tana sabawa da hawa da saukar harshen gidansu. Bakwaini ya rasa wani kaso na wannan. Maimakon muryar uwa sai ƙarar na'urori da shirun kwalba. Wannan na daga cikin abubuwan da ke sa da yawa daga cikinsu suke jinkirin magana, wasu kuma sai sun shiga aji biyu ko uku na firamare ake lura karatu yana ba su wuya. A nan ne malami zai ce yaron daƙiƙi ne, uba ya ɗauko bulala, alhali tushen abin tun yana zanen goyo ne.

Mene ne haɗin magana da karatu? Ku duba makarantar allo. Kafin yaro ya iya babbaƙu da farfaru, sai kunnensa ya rarrabe "ba" da "bi" da "bu". Haka a boko: in bai ji bambancin "kara" da "ƙara" ba, ba zai gane dalilin lanƙwasar da ke kan harafin ba. In kuma kalmomin da ya sani kaɗan ne, zai iya haɗa haruffa ya furta, amma ma'ana ta wuce shi. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

A wani asibitin mata da jarirai da ke birnin Providence na Amurka, likita Melinda Caskey da abokan aikinta sun sa 'yar na'urar ɗaukar murya kusa da bakwaini 36, suka ƙirga kalmomin da manya ke faɗa a gefensu. Sakamakon da suka buga a 2014 ya nuna jariran da suka fi jin magana a asibiti sun fi samun maki a gwajin harshe da fahimta da aka yi musu daga baya, a wata 7 da wata 18. Tun a 1978 kuma likita Edgar Rey ya ɓullo da renon kangaru a Bogota ta ƙasar Kolombiya, wato a ɗora jariri a ƙirjin uwa fata da fata a rufe su da zane. Don ɗumi da shan nono aka fara shi, amma jaririn da ke kwance a ƙirji yana jin duk abin da uwarsa ta faɗa.

Saboda haka, uwa, ki yi masa magana. Kina masa wanka, ki ce ga ruwa, ga hannunka, ga ƙafarka. Ya yi gwaranci, ki dakata ki amsa masa kamar ya faɗi magana mai ma'ana, ki jira ya sake. Wannan karɓa-karɓa ita ce ke koya masa, rediyo da waya ba sa amsa wa yaro. Mun san kunyar ɗan fari, mun san a gidaje da yawa, na Fulani da na Hausawa, uwa ba ta sakin jiki da shi a gaban surukai. To kaka da goggo da yayye su shigo da waƙar reno da tatsuniya, uba ma ya ɗauke shi bayan sallar isha ya yi masa hira. Kada kuma a tsorata da yawan harsuna. Yaron Yola da ke jin Fulatanci a ɗaki, Hausa a ƙofar gida, ba wannan ke hana shi magana ba. Kowa ya yi masa harshen da ya fi iyawa.

Wajen auna ci gabansa, a cire makonnin da ya riga zuwa, har ya kai shekara biyu. Wanda aka haifa a mako 28, ranar da ya cika shekara ɗaya ɗan wata tara ne a lissafin likita. Da wannan lissafi za a duba: in ya kai wata tara ba ya gwaranci, ko ba ya waiwayowa in an kira shi, ko ya kai wata 18 babu kalma ko ɗaya, ko shekara biyu ba ya haɗa kalma biyu irin "ba ni" ko "Baba zo", a kai shi asibiti. Maganar nan ta "ƙyale shi, ubansa ma bai yi baki da wuri ba" ta jawo wa yara da yawa asarar shekarun da gyara ya fi sauƙi.

Abin da za a fara nema shi ne gwajin ji, musamman ga jaririn da ya yi shawara mai tsanani, ko aka yi masa allurar jentamaisin kwanaki da yawa, domin duka biyun suna iya taɓa kunne. A je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola, wanda a da ake kira FMC, ko Asibitin Ƙwararru da ke Jimeta, a nemi ganin likitan yara, shi zai tura ku sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Masu koyar da magana ba su da yawa a ƙasar nan, don haka in an dace da ɗaya, uwa ta zauna a ɗakin ta kalli yadda yake yi da yaron, ta riƙa maimaitawa a gida kullum. A riƙe katin sallama na asibiti da kyau, ranar sa shi makaranta kuma a gaya wa malaminsa a mako nawa aka haife shi, a roƙa a zaunar da shi a layin gaba.