Hukuncin Kasaru Ga Mai Zuwa Kallon Matsirgar Ruwa

Waɗansu ɗalibaina a nan Daudawa sun tambaye ni ko ya halatta su yi kasaru idan sun tafi kallon matsirgar Gurara ta Jihar Neja, inda ruwa ke zubowa daga bisan dutse, tsayin kimanin mita 30. Da fari Dogon Ruwa na dajin Kamuku suka nufa, na hana su saboda ɓarayin daji, gama jefa rai cikin halaka haramun ne.

To, nisa dai ya cika. Sharaɗi a mazhabar Imamu Malik shi ne barida huɗu, watau mil 48, Gurara kuwa ta zarce haka nesa ba kusa ba. Inda gizo ke saƙa shi ne niyya. Shehu Halilu a cikin Muhtasar ya ware mutum biyu daga wannan sunna, mai tafiyar saɓo da mai tafiyar wasa. Masu sharhi suka ce ga na farko haramun ne, ga na biyu makaruhi. Amma wanda ya fita neman ilmi, ko domin lura da ikon Ubangiji, ya sallaci Azahar da La'asar da Lisha raka'a bibbiyu, tun daga inda ya wuce gidajen gari. Mai ɗaukar hoto kawai, ni dai na fi son ya cika sallarsa.

Ruwan kuwa, ko damina ta mai da shi ja da laka, alwala da shi ta inganta, domin canjin daga mazauninsa yake. Sai dai a nisanci duwatsun bakinsa, santsi gare su.